Ƙaramar waya: sunan da ke goshinta daban, abin da ke cikinta daban

Wayar Kawu ta faɗa ruwa a fadamar Wurno ana tsakiyar ban-ruwan albasa. Nokia 1280 ce, ta fi shekara goma a aljihunsa. Lambobin madannanta sun goge har da yatsa yake gane su, murfin bayanta kuma da robar ɗaure kuɗi aka tare shi. An cire batir, an binne ta cikin buhun shinkafa kwana biyu, ba ta farfaɗo ba. Da wayar maƙwabcinsa ya kira ni bayan Magariba.

"Ɗan nan, in ka shiga kasuwa ka samo min irin wagga tawa. Wadda ka riƙe caji nika so, ba wadda ka kiɗi ba."

Na ce, "To Kawu, in sha Allahu gobe."

Na ɗauka aikin minti biyar ne. Da na je wani shagon waya a cikin garin Sakkwato, sai mai shagon ya jera min ƙananan wayoyi huɗu a kan gilashi. Duk masu madannai, duk baƙaƙe, duk da tocila a ka. Biyu suna ɗauke da sunan Nokia. Farashin mafi tsada ya ninka na mafi araha fiye da sau biyu. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce, "Malam, wagga har intanet taka yi." Na tambaye shi wace irin manhaja ce a cikin kowacce, sai ya juya kwalin yana dubawa. Ban ga laifinsa ba, domin kwalayen ba su cika faɗa ba. Amma a nan bambancin yake. Abin da ke sa waya ta kwana biyar ba caji ko ta mutu kafin La'asar, abin da ke sa ta yi aiki shekara goma ko ta zama kwanko bayan shekara biyu, ba robar jikinta ba ce. Manhajar da ke tafiyar da ita ce, wadda masu gyara ke kira sofwaya, da kuma wanda ke riƙe da linzamin wannan manhajar.

Wayar da Kawu ya rasa tana cikin zuriyar da Nokia ta kira Series 30. Ita ce manhajar Nokia 1100 da ta fito a 2003, da 1110, da 1200, da 1280, har zuwa 105 ta farko a 2013. Mu a nan mun san su da 'yar tocila, wasu su ce rakani-kashi. An sayar da 1100 kaɗai fiye da miliyan 250 a duniya, kuma lokacin da Nokia ta sanar da cewa ta sayar da wayarta ta biliyan ɗaya a 2005, wata 1100 ce da aka saya a Najeriya. Shekara huɗu kacal ke nan bayan Econet da MTN sun fara aiki a watan Agustan 2001, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka.

Series 30 rufaffiya ce ruf. Ba a saka mata sabuwar manhaja, ba ta shiga intanet, ba ta jiran wani saƙon sabuntawa daga ko'ina. Yadda ta fito daga masana'anta a haka za ta tsufa. Wannan ne rauninta, kuma shi ne ƙarfinta. Tunda aikinta kaɗan ne, ƙwaƙwalwarta ba ta cin wuta, shi ya sa ɗan batirin nan BL-5C, wanda har yau ake samu a kowace kasuwar ƙauye daga Achida zuwa Illela, yake kai ta mako. An yi ta ne da tunanin mutanen da ba su da wutar lantarki kullum, masu zama cikin ƙura, masu aron waya a tsakaninsu. Madannan 1100 shimfiɗa ɗaya ce ta roba don kada ƙura ta shiga. Nokia 1200 kuwa tana da rumbun lambobi daban-daban a waya guda, saboda gidan da mutum uku ko huɗu ke amfani da waya ɗaya kowa ya ajiye nasa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san amfanin wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Sai dai an daina ƙera ta. Wanda ya miƙo maka 1280 ko 1100 a kwali yau ya ce sabuwa ce dal, ɗayan biyu ne: ko tsohon fanel, wato kayan cikin wayar, aka sa wa sabuwar riga, ko kwaikwayo ce. Tsohon fanel na asali yana iya yin shekaru, yana kuma iya mutuwa a wata guda, ba mai ba ka tabbaci. Idan ka nace sai ita, danna *#0000#. Ta asali za ta nuna maka lambar manhajarta da ranar da aka haɗa manhajar. Sannan danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke rubuce a ƙarƙashin batir. Wannan ba ya kama kowace jabu, amma yana kama da yawa.

Yayar Series 30 ita ce Series 40, kuma a kanta ne yawancin 'yan zamaninmu suka fara leƙa intanet. Asalinta yana komawa ga Nokia 7110 ta 1999, daga baya ta samu launi, ta samu kyamara da memori. Ita ce a cikin 6300, da 2700, da 5130, da C1, da C3 mai madannai irin na kwamfuta, da jerin Asha na farko. A farkon 2012 Nokia ta ce ta sayar da wayoyi biliyan ɗaya da rabi masu wannan manhaja. Sirrinta Java ne. Java ta ba da dama wani can daban ya rubuta 'yar manhaja, ka sauke ta ko abokinka ya turo maka ta bulutut, ta yi aiki a wayarka. Da haka Opera Mini ta shigo, wadda wani kamfani na ƙasar Norway ya yi. Dabararta ita ce ba wayarka ke buɗe shafi ba. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi, su matse shi ya zama ɗan mitsitsi, su turo maka, sai data kaɗan ta ishe ka. Da haka manhajar hira ta 2go ta shigo daga Afirka ta Kudu, ta hana ɗalibai barci a ɗakunan kwanan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejin Shehu Shagari. Da haka mutane suka riƙa ɗaukar Alƙur'ani da littattafan addu'a a cikin waya. Har WhatsApp ya yi aiki a kanta shekaru.

Ina jin kewar waɗannan wayoyi, ba zan ɓoye ba. A ganina ba a sake yin ƙaramar wayar da ta haɗa ƙarko da amfani kamar yadda suka haɗa ba. Amma ga yadda ta ƙare. A watan Satumban 2013 Microsoft ta sanar da sayen sashen wayoyin Nokia a kan yuro biliyan 5.44, cinikin ya kammala a Afrilun 2014. Wata uku bayan haka ta ce za ta wanke hannunta daga Series 40 da Asha. Wayoyin da ke hannun mutane suka ci gaba da kira da saƙo kamar kullum, amma duk abin da ya dogara da intanet ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kantin manhajojin ya rufe. Shafuka suka sauya tsarin tsaronsu zuwa wanda tsofaffin wayoyi ba su ganewa. WhatsApp ya janye daga Series 40 a ƙarshen Disambar 2018. Babu abin da ya lalace a jikin wayar. Hukunci aka yanke a wani ofis mai nisan dubban kilomita, rabin amfaninta ya tafi. Ka riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

To mece ce a cikin sabuwar Nokia 105 ko 110 da ke kan gilashin mai shago? Ana kiranta Series 30+, da alamar ƙari a gaba, kuma sunan yana ruɗar mutane. Ba jikar tsohuwar Series 30 ba ce, suna kawai ta ara da kamannin fuska. Ta fara fitowa a Nokia 108 a 2013, an ɗora ta a kan ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek na Taiwan. A 2016 Microsoft ta sayar da harkar ƙananan wayoyin ga HMD Global na Finland da wani reshen Foxconn a kan dala miliyan 350, tun daga nan HMD ke fitar da wayoyi da sunan Nokia. Yawancin masu 4G a cikinsu suna tafiya ne a kan ƙwaƙwalwar Unisoc, kamfanin Shanghai da a da ake kira Spreadtrum. Galibin wayoyin wannan zuriya ba su karɓar Java. Wanda ya sayi sabuwar Nokia da niyyar ya zuba mata tsofaffin manhajojinsa na C1 zai sha mamaki. Misali mafi bayyana shi ne 3310 da aka farfaɗo da ita a 2017: mai 2G manhajarta daban, mai 3G daban, mai 4G da aka yi wa kasuwar Sin ita ma daban. Suna ɗaya, riga kusan ɗaya, ciki uku.

MediaTek ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne uban abin da muka kira 'yar Caina. Wajen tsakiyar shekarun 2000 ya fara sayar wa masana'antu ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta a shirye. Wanda ke da 'yar masana'anta a Shenzhen ba ya bukatar injiniyoyi ɗari, riga da lasifika da batir kawai zai nemo ya harhaɗa. Sai kasuwa ta cika da wayoyi masu layi biyu, masu eriyar talabijin, masu ƙarar da ke tashin unguwa. Manyan kamfanoni sun daɗe suna jan ƙafa a kan layi biyu, waɗannan kuwa suka ba mutane abin da suke nema. A Sakkwato kuma layi biyu ba ado ba ne. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Birnin Ƙonni yana bukatar layin Najeriya da na Nijar a aljihu guda. Manomin da ƙauyensa sabis ɗin kamfani ɗaya ke kamawa da safe, na wani da yamma, shi ma haka. A kan wannan tushe Transsion, mai Tecno da itel, ya gina kansa: ya zo da layi biyu tun daga farko, ya sa harsunan Afirka har da Hausa a cikin wayoyinsa, ya girke manyan batura, ya buɗe wuraren gyara.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, ƙaramar Nokia ta yau da itel ko Tecno da ke kusa da ita sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya ne a ciki. Dukkansu rufaffu ne, dukkansu a kan ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc. Bambancinsu yana wurin gyaran fuska da abin da kowa ya fifita. Bangaren Nokia ya fi kula da tsabtar tsari: jerin abubuwa a sarari, rubutu mai kyan gani, hanyar da tsohon mai Nokia zai gane ba tare da koyo ba, kamar riƙe alamar tsani (#) don sa waya shiru. Bangaren Tecno da itel ya fi ba da yawa a kuɗi kaɗan: batir babba, lasifika mai ƙarfi, rumbun lambobi mai faɗi, wasu har layi uku, da naɗar murya yayin kira. Ga dillalin da ke ƙulla cinikin buhu hamsin na albasa ta baki da mutumin Onica ko Legas, naɗar muryar nan shaida ce.

A ƙarƙashin waɗannan akwai tarin wayoyi marasa asali, masu sunayen da yau ka gani gobe babu. Da su na taɓa ƙonewa. Na saya wa Inna wata saboda manyan madannanta da arahar da ta yi. Ba a yi wata biyu ba ta fara cewa katinta na ƙarewa ba ta kira kowa ba. Da na zauna na bincika, sai na tarar da wasu wasanni a ciki waɗanda da jikokinta sun taɓa su sai wayar ta tura saƙon kuɗi a ɓoye, kuma babu hanyar goge su. Da muka yanke shawarar sauya ta, sai wata matsalar ta ɓullo: lambobin da ke cikinta ba su fita zuwa memori, ba su tafiya ta bulutut. A tabarma muka zauna da biro da littafin makaranta, ina karantowa ƙanwata na rubutawa, lamba ɗari da wani abu, Inna na gefe tana faɗa mana wace ce "Hajiya 2" da wace ce "Mai Nono". Araha ba ta ado. Tun daga ranar, kafin in sayi kowace ƙaramar waya sai na shiga wurin lambobi na ga ko akwai hanyar kwashe su zuwa memori ko layi. Layi kansa ba ya ɗaukar fiye da lamba 250 a mafi yawan lokuta, don haka mai jama'a da yawa ya lura.

Yanzu ga wadda mai shago ya ce "har intanet taka yi". Irin wannan kashi uku ce, kuma ya kamata a rarrabe.

Kashi na farko KaiOS. Tushenta Firefox OS ne, manhajar da Mozilla ta yi ta kuma yi watsi da ita a 2016. Wasu suka ɗauki gawar suka busa mata rai, suka fito da KaiOS a 2017. A Indiya ta yi tashe a cikin JioPhone, aka sayar da miliyoyi. Google ya zuba mata dala miliyan 22 a 2018, shekarar da Nokia 8110 mai lanƙwasa kamar ayaba ta fito da ita. A 2019 ta iso mu ta wayar MTN Smart da Tecno T901, a ƙasashen renon Faransa kuma ta wayar Sanza ta kamfanin Orange. Alkawarin mai daɗi ne: madannai irin na da, amma da WhatsApp, da YouTube, da Facebook, da taswira, da Wi-Fi. Ga mutumin da bai iya karatun boko ba amma yana son ya aika saƙon murya ga ɗansa da ke ci-rani a Fatakwal, kamar an yi ta don shi ne. Sai dai ƙwaƙwalwar ajiyarta ta aiki megabayit 256 ce ko 512, ga nauyin da aka ɗora mata, don haka tana da nawa, batirinta kuma ba ya kusantar na rufaffiyar waya idan data na kunne. Sannan abin da ya faru da Series 40 ya maimaita kansa. Daga tsakiyar 2024 WhatsApp ya daina karɓar sababbin masu rajista a KaiOS, a 2025 kuma ya janye. Ragowar waɗannan wayoyi suna nan a wasu shaguna, da hoton WhatsApp ɗin a jikin kwali. Wanda ya saye ta yau saboda wannan hoton, tsugune ba ta ƙare ba. Amfanin da ya rage mata na gaske shi ne wasu daga cikin masu 4G suna raba intanet ga wata waya ko kwamfuta, kuma tana karɓar lambobi daga asusun Google.

Kashi na biyu sabo ne. Rufaffiyar waya ce mai 4G da aka buɗe mata taga guda, tsarin da ake kira Cloud Phone na kamfanin CloudMosa. Yana cikin wasu sababbin wayoyi irin su Nokia 3210 ta 2024. Dabarar Opera Mini ce aka faɗaɗa: bidiyo da labarai da hasashen yanayi duk a kwamfutocin kamfanin suke gudana, wayarka allo ce kawai da ake hasko mata hoto. Idan sabis na 4G ya yi ƙarfi, abin yana burgewa a ce 'yar wannan waya ke nuna bidiyo. Idan ka bar gari ka nufi Gudu ko Tangaza sabis ya koma 2G, tagar ta rufe. Ranar da kamfanin ya ga harkar ba ta biya, ta rufe har abada. Abin da na yaba a wannan tsari shi ne ko tagar ta rufe, sauran wayar lafiyarta ƙalau, ba kamar KaiOS da aka gina komai nata a kan intanet ba. Saboda haka idan ka same ta a farashin da ya yi maka, saya don 4G ɗin da batirin, ka ɗauki bidiyon a matsayin gyara.

Kashi na uku wayoyi ne masu madannai da aka cusa wa Android. Waɗannan suna iya yin WhatsApp na gaske, muddin Android ɗin bai gaza iyakar da WhatsApp ya sa ba, wadda a 2025 take 5.0, kuma wannan iyaka tana hawa lokaci zuwa lokaci. Yawancinsu ba sanannun kamfanoni ke yin su ba, allonsu ƙarami ne ga manhajojin da aka tsara don shafawa, batirinsu na kwana ɗaya ne. Akwai kuma ƙananan wayoyin da ke da tambarin WhatsApp ko Facebook a allo alhali hoto ne kawai, ko wata hanyar hira ta bulutut da ba ta wuce ɗaki. Gani ya kori ji: kada ka biya sai an yi rajista da lambarka a gabanka, ka aika saƙon murya, an amsa. Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda bukatarsa WhatsApp ce, ya haƙura ya ƙara kuɗi ya sayi babbar waya mai Android Go, wato sassauƙan Android da Google ya fitar don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, wanda wayoyinsa suka fara fitowa a 2018. Ya kuma riƙe ƙaramar waya a gefe don kira. Mutane da yawa a garin nan haka suke yi tuntuni, babba a aljihun gaba, ƙarama a aljihun gefe, kuma suna da gaskiya.

Abin da ya sa na fi amincewa da rufaffiyar waya ba son tsohon abu ba ne. Ayyukan da take yi ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Kira, da saƙon tes, da lambobin nan masu farawa da tauraro su ƙare da tsani, duk suna cikin ƙa'idar GSM da kowace waya da kowane kamfanin layi ke bi. Ba wanda zai tashi da safe ya ce ya janye su daga wayarka kai kaɗai. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mun ga abin da wannan ke nufi. Manhajojin banki a manyan wayoyi suna ta juyawa, mai shayi da mai nama a Kasuwar Kara suna karɓar taransifa da 'yar tocila. Haka da hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanoni a shekarar, *310# don duba kuɗi, *311# don saka kati, wayar 2005 ta karɓe su ba tare da an taɓa ta ba. A watan Satumban 2021 kuma, da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro, abin da ya rage wa mutane a waya shi ne abin da ba ya bukatar sabis: tocila, rediyo, da karatu ko wa'azin da ke cikin memori.

Shi ya sa gwajin da ya kamata a yi a shago ba na intanet ba ne. Sa layinka ka danna lambar bankinka, ka ga ko jerin zaɓin yana fitowa cikakke, ko kuwa allon yana yanke shi. Wasu wayoyin suna wahalar da mutum wajen gangarawa ƙasa har lokacin ya ƙare a sake daga farko, kuma kowane shiga kuɗi ne. Duba yawan saƙon da take ajiyewa, domin wadda ke cika da wuri za ta hana alat shigowa a daidai lokacin da mai saye ke tsaye yana cewa ya tura. Kunna rediyo ba tare da abin kunne ba. Tsofaffin wayoyi da wasu sababbi da wayar abin kunne suke kama tasha, dattijo kuwa ba zai riƙa yawo da igiya ba, so yake ya ajiye ta a kan tabarma ya ji Rima Radio. Duba ko tana karɓar memori, yawancinsu har gigabayit 32, ka tabbata kuma akwai ramin, domin mafi arahar Nokia 105 ba ta zuwa da shi. Duba bakin caji: ƙaramin baki irin na tsohuwar Nokia ya fara wuya, na yanzu shi ne irin na Android, sababbi kuma suna komawa Type-C. A shagon cajin ƙauye, wanda bakinsa ya fi yawa shi ne sarki. Kuma batir ya zama mai cirewa. Zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40, yana kumbura batir, wanda ake cirewa kuwa canjinsa minti ɗaya ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: duk wanda layinsa ke haɗe da asusun banki ya sa wa layin kansa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba. Ɓarawo ba ruwansa da 'yar tocila, layin yake so ya cire ya sa a wata wayar. Kowace manhaja da na ambata tana da wurin kulle layi a sashen tsaro. Minti biyu ne, amma a kiyaye, kuskure uku yana rufe layin sai da lambar PUK, wato lambar buɗewa da kamfanin layi ke bayarwa.

Ga masu rubuta tes da Hausa kuma, haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin jerin haruffan asali na saƙon GSM. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, ko rubutun Larabci, sai ya koma 70. Wayoyi da yawa ma ba su da su a madannai, wasu kuma idan an turo sai su nuna akwati. Idan mai wayar yana karɓar saƙo da Larabci ko ajami, a gwada kafin a bar shago.

Saura batun 2G da 4G. Mai 2G ta fi araha, ta fi riƙe caji, kuma har yanzu 2G ce ta fi nisan zango a karkararmu. Mai 4G tana ba da murya mai tsabta inda kamfani da layi suka yarda da kira ta 4G, tana kuma komawa 2G idan babu. Ƙasashe irin su Japan da Singafo sun rufe 2G tuntuni, wata rana mu ma za a zo nan, amma ƙaramar wayar da ka saya yau mai yiwuwa ta tsufa kafin ranar. Wanda ke zaune a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, yana da halin ƙarin, ya ɗauki mai 4G. Wanda rayuwarsa ke tsakanin gona da kasuwar ƙauye, ƙarin kuɗin ya fi amfani a batir na biyu da memori.

Na ture mai intanet gefe, na ture wadda aka ce tsohuwar Nokia ce sabuwa. Tsakanin biyun da suka rage na ɗauki rufaffiya mai 2G, layi biyu, da ramin memori, da rediyon da ya kama ba igiya. Na sa mai shago ya mayar da ita Hausa, ya ƙara girman rubutu. Na biya wurin masu turi aka zuba karatun Alƙur'ani da tafsirin azumin bara a memori. Ranar Juma'a na kai masa Wurno, muka sa tsohon layinsa, wanda ruwa bai yi wa komai ba. Lambobi sittin da ɗaya suka fito, sauran sun tafi da tsohuwar wayar.

Ya juya ta a hannu, ya kunna tocila ya kashe, ya danna madannan ɗaya bayan ɗaya yana saurarensu.

"Kwana nawa taka yi ba a kai ta caji ba?"

Na ce, "Kawu, in ba a cika jin rediyo ba, za ta kai kasuwa zuwa kasuwa."

"To madalla. Allah shi yi albarka." Ya miƙo min ita. "Nemo min lambar mutumen nan na Onica, tun shekaranjiya shika jirana."